Shafukan da Malam Ya Bari a Buɗe

Akwai wata magana da take yawo a tsakaninku tun shekarar da babanku ya rasu, kuma na gaji da jin ta tana dawo mini ta bakin jikoki. Wai Madam Rifkatu, maƙwabciyarmu ta bayan katanga a unguwar Nasarawa Gwom, ita ce ta goge abin da Malam ya bari a cikin kwamfutarsa. Yayanku ne ya fara faɗa, kuka ɗauka kuka yi ta yaɗawa, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin suna ba da labarin kamar a gabansu aka yi. To ni a gabana aka yi. Shi ya sa na ware wa maganar nan babi guda, kuma kada in ji wani ya tsallake shi ya tafi neman inda na ambaci sunansa.

Ku da kuka tashi a gidan kun san halin babanku, ba ya rufe abu. Ya sha ruwa ya bar randa a buɗe, ya ɗauki hula ya bar akwati a wangale, ya shiga ɗaki ƙofa tana lilo a bayansa. Na yi faɗa har bakina ya gaji, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai zai dawo. Da ya ajiye aikin buga takardu a makarantar horar da ma'aikata ta Kuru, ya sayi kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya, sai halin ya samu sabon gida. Manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda suke kira burauza, idan ka buɗe shafi a cikinta sai kansa ya fito a sama da 'yar alamarsa. Malam bai taɓa rufe ko ɗaya ba. Suka yi ta jeruwa suna matsewa har rubutun da ke kansu ya ɓace, sai 'yan alamomin kawai, reras kamar bakin atamfofin da nake jerawa a shago. Akwai na cutar da ke ƙona ganyen dankalin Turawa, akwai na ƙwallo, na tafsiri, na gyaran famfo, da wani na tarihin haƙar kuza da ya daɗe yana karanta mini a gutsure. Bayan la'asar zai zauna a tsakar gida ina tsince shinkafa, ya karanta da Turanci ya juya mini da Hausa, rabi abin da ke rubuce, rabi ƙarin gishirinsa.

“Malam, ka rufe wasu mana. Abin nan har nishi yake yi.”

“Ban gama da su ba, Hajiya. Zan dawo kansu.”

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, daga gaban kwamfutar ya tashi ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa kafin azahar. Bai rufe murfin ba. Bayan an kai shi, gida ya ɗan lafa, na shiga ɗakinsa na tarar da ita a kan tebur fuskarta ta yi duhu. Na ɗora yatsa, ta farka, ga shafukan nan a jere yadda ya bar su.

Takaba ta wahalar da ni fiye da yadda na nuna muku, kuma ba kukan ne ya fi ba ni wuya ba, zaman ne. Ni mace ce da nake kasuwanci a Taminus tun kafin babbar kasuwa ta ƙone, bayan gobara na koma bakin titi da laima har Allah ya sake ba ni shago, ban taɓa wuni a gida ba sai haihuwa ko ciwo. Yanzu ga ni an ce ko ƙofar zaure kada in leƙa ba dalili. Da safe in ji kwandastoci suna kiran Taminus daga bakin titi, ƙafata ta riƙa motsi da kanta. In share tsakar gida, in sake sharewa, in sauke kwanukan da ke wanke in sake wanke su. 'Yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ku kuma kowa ya koma inda yake, Yayanku Abuja, Zulai ɗakinta a Bauci, Sani makaranta. Aka bar ni da Gwaggonku Hansai, ƙanwar Malam, wadda aka kawo ta taya ni zama. Allah ya saka mata, amma kunnenta ya yi nauyi kuma barci ne babbar sana'arta.

Sai kwamfutar ta zama abokiyar hirata. Turancina na ciniki ne, ba ya karanta shafi, amma na san alamomin nan ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar in zauna a kujerarsa in riƙa danna su, hoton ganyen dankali ya fito in tuna yadda ya kwaikwayi muryar malamin gona, hoton ramin kuza ya fito in tuna ƙaryar da ya shara mini cewa kakansa ya taɓa tsintar dunƙulen da ya kai kan jariri. Babban tsorona shi ne ta mutu, don a tunanina idan ta mutu shafukan sun tafi. Da wuta ta ɗauke sai in ruga bakin katanga in ƙwala wa Madam kira. Madam Rifkatu 'yar Kuru ce, Kirista, sakatariya ce a ofishin da Malam ya yi aiki har ta yi ritaya, kuma mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da sola mai ba ta wuta a rufinta. Zan hau turmi in miƙa mata kwamfutar a buɗe, a kan faranti kamar mai kai tuwo, ita kuma ta karɓa da hannu biyu.

“Miƙo shi a hankali, Hajiya. Kai ma kar ka faɗi, ba ni da ƙarfin ɗaga mutum biyu.”

Haka take magana, mace da namiji duk “ka” ne a wurinta, kuma a shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ya tsaya mini a rai ba.

A cikin kwanakin ne Yayanku ya kira. Ya ji labarin shafukan a bakin Zulai, kuma na ji a muryarsa cewa kuka ne yake dannewa.

“Umma, kada kowa ya taɓa ta. Ko maɓalli ɗaya. Zan zo da wanda ya san aiki daga nan, mu gan ta yadda Baba ya bari.”

Na ce to. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, aiki bai sake shi ba. Ban ga laifinsa ba, na san irin ogan da yake ƙarƙashinsa.

Akwai wani ɗan akwati da yakan leƙo daga ƙasan fuskar kwamfutar lokaci-lokaci da rubutu a ciki. Na sha ganin Malam yana danna gefe guda yana cewa “ba yau ba”, sai ni ma na riƙa danna wurin ina faɗar haka. Wata safiya da aka tashi da ruwa har da ƙanƙara, na idar da lazimi na shiga na tarar fuskar ta koma shuɗiya, wasu 'yan ɗigo suna zagaye a tsakiya. Ina tsaye ina kallo ta kashe kanta, ta kunna kanta, ta sake kashewa. Ban san lokacin da na fita cikin ruwan nan ba mayafi ina buga katanga ba. Madam ta zagayo ta ƙofa da leda a ka, ta sa tabarau ta duba.

“Ofdet ya yi, Hajiya. Yana sabunta kansa. Kullum yana roƙo, Malam yana ce masa gobe, kai ma kana ce masa gobe. Yau ya gaji, ya yi abinsa.”

Da kwamfutar ta gama, Madam ta buɗe burauzar. Babu shafi ko ɗaya, sai wani akwati a kusurwa. Ta ce in kwantar da hankali, tambaya yake yi ko a dawo da shafukan da suke buɗe. Na ce a dawo da su mana, wannan har sai an tambaya? Ta danna, sai ga su suna fitowa suna jeruwa, kowane a mazauninsa. Na yi hamdala na kai hannu zan taɓa na dankali, 'yar kibiyar da ake nuni da ita a fuskar ta ƙi motsi. Ta koma wani ɗan zobe yana juyawa, fuskar ta yi fari-fari kamar an shafa mata koko, fankar ciki ta kama kuka. Muka jira har shayin da na haɗa wa Madam ya huce, ba abin da ya canja.

Daga ranar na shiga wani hali. Sauran abubuwan kwamfutar lafiya lau suke aiki, burauzar ce kawai take sandarewa, kuma ba ta sandarewa sai an ce ta dawo da shafukan Malam. Ga su ina gani, ba dama in taɓa. Madam ta mayar da gidanmu ofis. Kullum da hantsi za ta shigo da tabarau da wayarta, ta ce yau ta samo wata dabara. Muka kashe muka kunna har na haddace ƙarar da take yi. Ta ce ko data ce ba ta da ƙarfi, ta jona da tata, shiru. Ta cire intanet ɗin gaba ɗaya, ranar kibiyar ta ɗan yi tafiya na ɗan lokaci har na fara murna, amma shafukan duk fanko ne, kuma ana mayar da intanet ta sake daskarewa. Ta ciccire wasu 'yan ƙananan manhajoji da Malam ya maƙala wa burauzar, na lokutan salla da na ƙamus, sai da ta rantse mini za a iya mayar da su kafin na yarda. Ta kashe wani abu a cikin saiti da ta ce shi yake sa burauza jingina da ɓangaren hotuna na injin, wai sabuntawar takan sa su saɓa. Ta share abin da ta kira shara, tarkacen da shafuka suke tarawa a ɓoye. Kowace dabara sai na tsaya a kanta ina tambaya, wannan zai taɓa shafukan? Ta ce a'a, in ce ki sake dubawa. Na san na ishe ta, don wata rana ta cire tabarau ta ce ko shugaban makarantarsu bai taɓa tsaya mata a ka haka ba.

Da dabarunta suka ƙare ta kira wani dattijo ɗan cocinsu mai gyaran kwamfuta a Taminus, ta sa wayar a fili muna ji. Ya ce a kawo masa. Na ce ba inda kwamfutar za ta je. Shagona yana kusa da layin masu gyaran nan, na san aikinsu, kafin ka gama bayani sun wanke inji tas sun ce maka ya dawo sabo. Ni ba halin in bi ta in tsaya a kai, shi kuma ba halin ya shigo ya zauna da mai takaba a ɗaki. Mutumin ya yi haƙuri da ni, ya yi wa Madam tambayoyi tana amsawa, daga ƙarshe ya ce abin da yake riƙe da jerin shafukan ne ya lalace lokacin sabuntawar, ga su kuma sun yi wa tsohon inji yawa. Magani ɗaya ne, idan akwatin ya sake tambaya a ce masa a'a. Burauzar za ta tashi garau, amma jerin ba zai sake dawowa ba.

Na ce a bar ta haka. Madam ba ta yi musu ba. Ta dai zauna wuni guda ta bi ta wata hanya ta kwafe adireshin kowane shafi ta zuba a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ajiye bayanai, ta damƙa mini, ta ce ko ba jima ko ba daɗe duk wanda yake so zai iya buɗe su ɗaya-ɗaya. Na karɓa na jefa a akwati. Ni ba adireshi nake so ba, jerin nan nake so, yadda hannunsa ya bar shi.

Sai na koma yi ni kaɗai. Da safe in kunna, in ce a dawo da su, in zauna ina kallon zoben nan yana juyawa, ina cewa wataƙila yau. In tashi in zaga tsakar gida in dawo. In ɗora tukunya in manta da ita. In kashe in sake kunnawa. Abinci ya daina shiga, na fara yi wa Gwaggo tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana ina zaune gabanta tun bayan azahar, raina ya ɓaci, na bugi tebur ina faɗa. Sai na ji Gwaggo daga kan tabarmarta, ita da ba ta jin kiran salla sai an taɓa ta.

“Wai ke da wa kike yi ne tun ɗazu? Malam ka motsa, Malam ka motsa. Mutumin nan ya kwanta, ki bar shi ya huta mana.”

Ban san sunan da nake kira ke nan ba sai da ta faɗa. Na ɗaga kai na ga inuwa ta cinye tsakar gida, la'asar ta daɗe da wucewa ban yi ba. Tun da Malam ya rasu, bayan kowace salla nakan daɗe a zaune ina roƙa masa gafara, shi ne abu ɗaya da ya rage da zan iya yi masa. Na lura tun da burauzar nan ta sandare addu'ar tawa ta koma gajeriya, ina sallamewa nake miƙewa in je in ga ko zoben ya tsaya. Wannan ya tsorata ni ƙwarai. Na yi alwala na yi sallata, na zauna na yi masa addu'a yadda ya kamata, sannan na je bakin katanga na kira Madam.

Ta zo ta kunna, akwatin ya fito da tambayarsa. Na ce ta ce masa a'a. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

“Ni ba zan danna ba, Hajiya. Ɗanka na Abuja ya ce kar a taɓa. Kuma ba mijina ba ne. Lokacin da nawa ya mutu, takalminsa ya yi shekara a bakin ƙofa, wanda ya matsar da shi sai mun yi faɗa. Ba wanda ya ɗauke mini, ni na ɗauke.”

“To nuna mini wurin.”

Ta nuna mini da bakin biro, ba ta ko taɓa gilashin ba. Na ja kibiyar, ta wuce wurin, na dawo da ita. Na yi bisimilla na danna. Ba ƙara, ba komai. Akwatin ya ɓace, shafi ɗaya fari ya tsaya shi kaɗai a sama, fankar da ta yi makonni tana kuka ta yi tsit. Na motsa kibiyar ta tafi salin-alin duk inda na kai ta. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, Madam tana riƙe da kafaɗata tana cewa sori, sori, Gwaggo tana tambaya wa ya rasu kuma.

Ban gama share fuska ba wayata ta yi ƙara, Yayanku ne. Ya ce ya samu hutu, jibi yana hanya da mai gyaran, yana fata ba wanda ya taɓa. Na ce masa shafukan sun rufu. Sai ya tambaya da wata murya da ban san shi da ita ba, wa ya rufe? Kun san tsakanina da shi. Ɗan fari ne, ban saba doguwar magana da shi ba, ban taɓa zama na buɗe masa cikina ba, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Ta ina zan fara gaya masa cewa na wayi gari ina kiran inji da sunan ubansa? Ya sake tambaya, ya ɗaga murya. Sai Madam ta zare wayar daga hannuna.

“Oga, ni ne. Ina gyara ne hannuna ya kuskure. Mama bai sani ba. Ka yi haƙuri, ka yi faɗa da ni.”

Ya kuwa yi. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune, ita kuma tana ta cewa na gode, na gode, har ya kashe. Na ce mata don me za ta yi wa kanta haka. Ta ce yaron ya rasa uba, yana neman wanda zai ji haushi, gara ya ji nata da ya ji nawa, ita ai katanga ce tsakaninsu.

Da ya zo na gaya masa gaskiya, ya ce ina kare ƙawata ne. Bayan na fita takaba na sake gaya masa, ya ce Umma a bar maganar. Na ba shi filas ɗin, ya ƙi karɓa. Tun daga ranar bai sake gaishe ta ba. Matar da ta goya shi ranar da kasuwa take ci da wuta ina can ina neman abin da zan tsira da shi, ya riƙa wuce ta a ƙofar gida kamar bai ga mutum ba, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta canja maganarta ba. Ba na nadamar danna wurin nan, da za a mayar da ni ranar, da na sake dannawa. Abin da yake ci mini rai shi ne wadda ta biya kuɗin abin da na yi da hannuna.

Yanzu ta koma Kuru wurin 'yarta. Idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, amma Zulai ta je ta ce har yanzu tana gane mutane da murya, kuma ta tambaye ta ya ogan Abuja. Na faɗa da baki ba a yarda ba, to ga shi a rubuce, kuma zan yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ka. Nura, ni na danna. Ka tashi ka je Kuru tun tana iya gane muryarka.